Uwar Kuɗi da Ruwanta

...kuma wai sai sun ƙure sanyi kamar gawa suke ajiya. Kuɗin ne za su narke, ko mu? Arba'in da ɗaya a allo. Ni arba'in da bakwai. Mutum shida ne tsakanina da yarinyar can mai tabarau da ke bayan gilashi, kuma kafin su ƙare dole in san abin da zan ce wa banki.

Kana ji, Direba? Na sayar da shagon. Injin wanki biyu, dutsen guga huɗu, tebur, har igiyar shanya. Gwiwa ta ce ta gaji, ni kuwa ba na gardama da wanda ya fi ni gaskiya. Kuɗin sun shigo shekaranjiya. Tururin shekara talatin da huɗu... ya koma layi ɗaya a waya. Na ɗauka zai fi haka tsawo.

To, hanya biyu. Ko in zuba su a bashin gidan, saura shekara tara ya dawo ɗaya, ko in bi maganar ɗanka.

Akawu. Kai ka laƙa masa sunan, tun yana zama a cinyarka yana ƙirga maɓallan rigarka. Ya zo ranar Asabar da kwamfuta, ya ɗora min ita a teburin cin abinci ko gogewa bai yi ba. Layi biyu, ja da kore. Jan, na bashi, yana gangarowa a hankali, koren, na hannun jari, yana hawa kamar mai gudun kare. Wai banki biyar yake karɓa a ɗari, hannun jari kuwa yana iya ba da takwas, ukun da ke tsakani tawa ce. Na ce maimaita. Ya ce yana iya ba da takwas. Na ce biyar ɗin ma "yana iya" ne? Ya sosa ƙeya — irin taka, da yatsa biyu — ya ce a'a, wannan kam tabbas ne. Sai ya yi sauri ya ce ba shekara ɗaya ake dubawa ba, sha biyar ake dubawa.

Sha biyar. Ni mai sittin da takwas. Na tambaye shi, koren nan shi zai iso ni, ko ni zan iso shi? Auta na kicin, sai da ta ajiye cokali don dariya. Ita nata gajere ne, kamar allurarta a asibiti: Mama ki biya, ki miƙe ƙafa.

Arba'in da biyu.

Dubi wandon mutumin nan da ya tashi. Kari biyu a ƙafa ɗaya. Wanda ya goge shi ya yi a tsaye yana hira... da ni ce, da ya sake shi daga farko, kuma ba zan biya ba. Me ya shafe ni? Ba ni da shago. Hannuna ne bai samu labari ba tukuna, yana ta neman mariƙin dutse a kan jaka.

Kujerun ba waɗannan ba ne a lokacin da muka zo karɓar bashin gidan. Na katako ne, kai kana gumi a cikin rigar aiki, wancan ma'aikacin mai gashin baki yana yi mana bayani kamar yara. Wannan ita ce uwar kuɗi, wannan kuma ruwanta. Uwa tana zaune, duk wata tana haifar ruwa. Na ce, uwar nan da ke haihuwa kowane wata, wa yake mata cikin? Ka take min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Har yau ina jin wurin. Ba ka so ba, na sani. Ba ka taɓa son cin ruwa ko ba da shi ba, ka ce abin ba ya kwanta maka a rai. Ni na matsa. Ni da na dawo daga shago na tarar da katifarmu a bakin titi, mai gida ya sayar da gininsa, Auta na zaune a kan tukunya tana gadin kaya... na rantse ba za a sake ba. Ka sa hannu don ni. 

Tun daga ranar nake ganin ruwan. Ba a barci kaɗai ba, ko ina tsaye ina guga da rana, tururi ya taso, sai in ga falonmu. Ruwa ya kai taga. Garai-garai, ba datti. Kujeru suna yawo a hankali suna gaisawa da juna, labule ya buɗe kamar rigar da aka saki a baho, takalmanka biyu suna tafiya, ɗaya na bin ɗaya. Kuma bas ɗinka tana tsaye a tsakar ɗaki, fitila a kunne, kana ciki ka jingina gwiwar hannu a taga kana jiran fasinja. Ba ka jiƙe ba. Ni ce a ƙofa da kofi, ina kwarfa... duk wata kofi ɗaya.

Yau bokiti gare ni. Yau ina iya buɗe ƙofa ya fita kusan gaba ɗaya.

Arba'in da uku. Arba'in da huɗu — wannan bai zo ba, ya gaji ya tafi. Mai hankali.

Lissafin ai ba wuya. Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa cin kwabona ba. Biyar ta tabbas, da takwas ta wataƙila. Mace mai gwiwa irin tawa, wadda ba ta da sauran shago, ta kashe uwar ta huta. In kasuwa ta faɗi, Akawu zai ce min "Mama, zai tashi," daga ofishinsa mai sanyi, ni kuwa banki ba ya jin "zai tashi". Na san wannan tun kafin ya buɗe kwamfutar. Da wata ce ta zo shago ta tambaye ni, da kafin in juya hannun riga na ba ta amsa.

To me ya sa kwana biyar ina juya koren layin nan a raina? Me ya sa na kira shi jiya na ce ya sake faɗa min sunan abin, har ya yi murna ya ce Mama ta waye? Ni? Yaushe na fara son "yana iya"?

Don yara, na ce wa kaina. In bar musu abin da ya haihu. Ƙarya. Gida ba bashi ma ai abin bari ne, kuma dukansu sun fi ni albashi. Don kada kuɗi su kwanta a bango, in ciwo ya zo ba a ɓalle bulo a kai kantin magani... wannan da ɗan gaskiya. Sai in ware kaɗan in ajiye, shi ke nan. Ba ita ba ce.

Ƙanshin sitati. Daga ina? Matar kusa da ni ce, mayafinta. Ranar farko ka shigo shago da riguna uku a leda, kana tafe kana kaɗa makulli. A lokacin da zare nake gane kaya: ja na mai kanti, shuɗi na malamin makaranta, ƙulli biyu na matar likita. Ka ce ba ka yarda da zare ba, ka yage kwalin sabulu ka rubuta sunanka, ka ce in maƙala. Ban ce maka ban iya karatu ba. Na kai kwalin gida. Harafin farko kamar tsani, na biyu kamar mutum ya ɗauki tulu, na ƙarshe da wutsiya. Na yi ta zana shi da yatsa a kan tururin taga har ya zauna. Daga sunanka na ciro haruffa na je na same su a jikin buhu, a allon kanti, a takardar wuta... duk abin da na karanta a duniya, daga cikin sunan nan ya fito. Sai bayan mun haifi Akawu na faɗa maka. Ka yi dariya har ka ƙware.

Arba'in da biyar.

Takardar tana nan. Na taɓa ta, tana cikin aljihun jaka na ciki. Auta ce ta kira 'yan bankin, suka ce irin wannan biya mai yawa sai an sake takardun bashin, kuma masu suna biyu su sa hannu. In ɗaya ba ya nan, a kawo shaidar rasuwa. A cire shi. Minti goma ne, in ji su.

Ta ɗan yamutse a akwati, na goge ta da safe. Wuta kaɗan, da ƙyalle a sama. Wace irin mace ce ke goge takardar mutuwar mijinta?

Gadon asibiti, na uku daga ƙofa. Hannunka ba nauyi, kamar safa. Ba ka ce min in kula da yara ba, ka san zan kula. Ba ka ce in yafe maka ba, mun gama wannan tun da rana. Abu ɗaya ka ce.

"Ki cire sunana daga takardar bashin nan. Kada in kwanta da ita."

Na ce to. Ni da ban taɓa cewa to in fasa ba.

Shekara bakwai, Direba.

Ba kuɗi, na ce. Gaskiya ne, ba kuɗin kashe uwa. Amma cire suna ba ya cin ko sisi. Minti goma. Ba lokaci, na ce — shago, kaya, bikin Auta, gwiwa. Shekara bakwai ban samu minti goma ba? Ni da ke goge riga a minti huɗu?

Ranar uku ga wata wasiƙar banki take zuwa. Farar ambulan mai 'yar taga. Ina jin ƙarar murfin akwatin wasiƙa tun daga kicin, in goge hannu, in fita ba sauri, kada maƙwabta su ce. Sunanka a sama, nawa a ƙasa. Tsani, mai tulu, wutsiya. Takardar wuta ta koma sunana. Ta ruwan famfo ma. Kamfanin bas sun aiko sau ɗaya suka yi shiru. Abokanka sun daina kira. Jikokinka "Kaka na hoto" suke ce maka. Duk faɗin duniyar nan mutum ɗaya ne bai ji ka mutu ba... banki. Duk wata yana gaishe ka, yana tuna maka abin da ya rage.

Da Akawu ya ce a daina takarda a koma saƙon waya, na yi masa faɗan da ya kwana biyu bai kira ba. Ya ɗauka tsufa ne.

Ambulan tamanin da huɗu ne a cikin rigar matashin kai, a ƙasan durowa. Ban taɓa yaga ko ɗaya ta wajen sunan ba, ta gefe nake buɗewa.

Arba'in da shida.

In na bi koren layi, ba wanda zai taɓa takardun. Saura ɗari da takwas su zo. In na zuba a gida, sha biyu ne, kuma ni kaɗai a tagar ambulan... sunana yana tsaye a sama ba kowa, kamar riga ɗaya a igiya.

Ashe ba riba nake nema ba. Ashe duk ruwan nan da nake biya, kuɗin aika wasiƙa ne.

Kai kuma kana can cikin bas, fitila a kunne, ruwa har taga. Na ɗauka fasinja kake jira. Shekara bakwai ina kallonka daga ƙofa da kofina, ina jin daɗin ba ka tafi ba... ban taɓa tambaya ba ko ni na riƙe makullin.

Ƙarar allo. Arba'in da bakwai.

Yarinyar ta ɗago, ta gyara tabarau, tana duba layin kujeru. Kwalar rigarta a miƙe, wani ya iya guga a gidansu. Matar mai sitati ta leƙa takardar hannuna, ta taɓa ni a kafaɗa.

"Mama, ke ce."

Na sani, 'yar nan. Ni ce. Tun tuni ni ce.

Gwiwa, tashi. Hannuna yana cikin jaka, a kan takardar, sumul take, kamar da sauran ɗumin dutse a jikinta... taku nawa ne daga nan zuwa gilashin? Takwas? Tara? Ruwan ya kawo min ƙugu, Direba, kuma kana ta kallona ta madubi —