Wushiryar Mardiyya

Bamalli mai tsire na mahaɗar Diko mutum ne da bai yarda da abin kyauta ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa gindin kofin. Amma da ƙungiyar wasu likitocin haƙori ta sauka a Wambai, aka ce za a sa wa 'ya'yan marasa ƙarfi wayar gyaran haƙori ba ko sisi, shi ya riga kowa zuwa, yana jan 'yarsa Mardiyya.

Haƙoran Mardiyya na sama sun turo gaba, leɓe ba ya rufe su. 'Yan ajinsu sun sa mata Zomo, har ta saba dariya da gefen hijabi a baki. Abin yana ci wa Bamalli rai. Ya taɓa tambayar kuɗin gyaran a Abuja, da aka faɗa masa ya tashi ya fita, sai a mota ya tuna ya baro hularsa a kan benci.

Likitar, Dokta Yejide, Hausarta ta ɗan karkace amma tana fita. Ta duba bakin yarinyar, ta ɗauki hoto, ta juyo musu da kwamfuta.

"Baba, ka gani? Haka za su koma in an cire waya."

Haƙora ne reras kamar ƙwayar masara. Mardiyya ta saki baki. Bamalli kuwa ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Likita, ina wushiryar?"

"Za ta rufe ai. Duk cikin aikin ne."

"Ta rufe? Mata har wurin masu fiƙe haƙori suke zuwa a buɗe musu, ita Allah ya ba ta, ke ki zo ki toshe? Mardiyya, ɗauko takalminki!"

Wata mata a layi, Saratu, ta leƙo da ɗanta a gaba. "Oga, abeg, in ba ka so ka ba mu wuri. Nawa yaron ko ƙofar gari ce a bakinsa, a toshe!"

Layi ya kwashe da dariya. Likita ta gaya masa gaskiya: guraben kaɗan ne, in ya fita wani za a ba. Bamalli ya san haka, ya kuma san in wannan ta wuce ba zai taɓa iya biya ba. Mardiyya ta riƙe bakin rigarsa, ido ya cika da hawaye.

"Baba, don Allah."

Nan mai tsire ya dubi 'yarsa. Ya zauna, ya sassauta murya.

"Ta uwarta ce, likita. Yarinyar nan tana goye uwar ta rasu. Hotonta ɗaya gare mu, shi ma bakinta a rufe."

Dokta Yejide ta juya ga kwamfutar. Sai ta ja kujera, ta taɓa nan, ta taɓa can, haƙoran gaba biyu na hoton suka ɗan ja da juna.

"Zai fi ba ni wahala," in ji ta, "amma zai yiwu."

Mardiyya ta ƙura wa hoton ido.

"Baba, haka ta Umma take?"

"Tata ta ɗan fi faɗi."

Yarinyar ta goge ido, ta sauke hijabin daga baki.

"Anti likita, ƙara kaɗan."