Ranar da Uelese Ya Ƙi Hawa Inji

Uelese ya daɗe a Tafuna har maƙwabta sun daina kiransa baƙo, amma shi bai taɓa ce wa ɗakin da yake kwana gida ba. In an tambaye shi inda ya nufa bayan wankin ƙoda, sai ya ce, "Wajen Fuatino." Gida kam yana tsibirin Ta'u, can gabas, inda ya bar kwalekwalensa a kife gindin itacen da suke kira ulu, ya bar kabarin matarsa Tiresa a ƙofar ɗaki, wanda ya saba zama a kan simintinsa da yamma yana gyaran koma yana ba ta labarin ƙauye. Ciwon ƙoda ne ya raba su. A Ta'u babu injin wanki, shi kuwa mai wankin ƙoda akuya ce a turke: Litinin, Laraba, Juma'a, igiyar ba ta kai ko'ina ba. Ƙaramin jirgin saman da ke zuwa can ma, sai iska ta ga dama yake tashi. Babu likitan da zai bar shi ya je ya maƙale.

Kewar gida ta ci shi fiye da ciwon. Ba ya ɓoyewa, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

Fuatino 'yarsa ce, ita kaɗai. Mataimakiyar likita ce a sashen masu ciwon ƙoda, ita ke duba sakamakon jini, ta daidaita magani, ta yi wa tsofaffi faɗa kan gishiri da shan ruwa kamar ita ta haife su. Manyan asibiti sun yi alkawarin kai inji biyu ƙaramin asibitin Ta'u, likita ya riƙa dubawa ta bidiyo daga nan, muddin aka sami wanda ya ci jarrabawar ƙwarewa a kan ƙoda da zai yarda ya zauna can. Wa zai yarda in ba 'yar garin ba? Sai dai jarrabawar a Honolulu ake zama, kuma bara Fuatino ta je ta faɗi. Ta ce tambayoyin dashen ƙoda ne suka kayar da ita, don a tsibirin nan ba ta taɓa ganin an yi ba sai a littafi.

Uelese ya saurare ta bai musa ba, amma shi ya san abin da ya kayar da ita. A Ta'u, in maza suka fita kamun babban kifi, na gida ba sa zama haka kawai. Akwai mai zaman tapua'iga: ya shimfiɗa tabarma, ya harɗe ƙafa, ba aiki, ba surutu, ba fita, zuciyarsa na tare da wanda ya tafi har ya dawo. Tiresa ta yi masa wannan zama duk tsawon aurensu, kuma teku ba ta taɓa cin sa ba. To ranar da 'yarsa ta shiga jarrabawa bara, ina yake? Yana kan kujerar inji, talabijin na ihun kokawar Turawa, mata na gardamar wa ya ci cacar bingo a coci, shi kuma Mikaele na zuba masa surutu a kunne. Yarinya ta fita teku ba mai zama a bayanta. Ina za ta kamo kifi?

Mikaele shi ne maƙwabcinsa na kujera, shi ma mutumin Ta'u, tsohon direban bas mai bakin tsiya.

"Sole, abokina, ka daina wannan tunanin," in ji shi ranar Juma'a, allurai na hannunsa. "Kwamfuta ce ke duba jarrabawar nan. Kwamfuta ta san tabarmarka?"

"Teku ma ta san tabarma ne?"

"To yi zaman a nan mana. Ai zaune kake, ba kwasar rawa kake yi ba."

"Kusa da kai? Ko gawa aka ajiye kusa da kai sai ta ce a canja mata wuri."

"Allah ya shirye ka. Ni dai in inji ya je Ta'u, kujerar bakin taga tawa ce, na riga ka faɗa."

"Kai da ko teku ba ka iya shiga ba, me za ka kalla ta taga?"

"Matan da suka ƙi ka," in ji Mikaele, ya yi dariya har injinsa ya yi ƙara, ma'aikaciya ta zo ta harare su duka biyun.

Fuatino ta riga ta tashi tun daren Alhamis, da kwalin gasasshiyar gwaza na 'yan'uwa da ke Honolulu, da littafinta wanda ya sha jan biro har ya kumbura. Jarrabawa ranar Litinin. Kafin ta fita ta durƙusa gaban ubanta, ta danna ƙafarsa da yatsa tana duba kumburi.

"Baba, ranar Lahadi ka kama bakinka. Ba ayaba, ba madarar kwakwa. Litinin kuma da sassafe ka hau bas. Wankin Litinin ba a wasa da shi, ka fi kowa sani."

"Tino, ke za ki jarrabawa ko ni?"

"Gwaggo Saunoa, ki sa masa ido."

"Wa ya isa?" in ji Saunoa, ƙanwar Uelese, daga ɗakin girki.

Ranar Lahadi bayan coci aka zauna cin abincin rana a gidan fasto, kuma da yake an yi wa Fuatino addu'a ta musamman, sai aka ajiye faifan Uelese kusa da na fasto. Gwaza, ayaba dafaffiya, ganyen gwaza mai iyo cikin madarar kwakwa, duk abin da 'yarsa ta hana. Dattijo ba ya ture faifan da aka girmama shi da shi a gaban jama'a. Haka ya gaya wa Saunoa da ta zungure shi. Gaskiyar kuwa, ɗanɗanon ganyen nan irin na hannun Tiresa ne, ya ci har ya siɗe yatsa.

Litinin gari na wayewa ya yi wanka, ya ɗaura farin zanensa na zuwa coci, ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ya fuskanci arewa, wajen da Honolulu take.

"Me zan gani haka?" in ji Saunoa. "Yaya, bas fa na hanya."

"Ki kashe rediyon nan. Kada wanda ya yi shara, kada wanda ya buga ƙofa. In Tino ta fito daga jarrabawa, gobe sai in je."

"Goben wa? Tun Juma'a rabonka da inji! So kake yarinyar nan ta dawo ta cinye ni ɗanye?"

"Na gama magana."

Ya kuwa gama. Bas ya zo ya yi ta hon ya gaji ya wuce. Daga asibiti aka kira, Saunoa ta kawo wayar har kunnensa, ya ji muryar ma'aikaciya, ya ji ta Mikaele daga nesa yana cewa a gaya wa tsohon banzan nan an kashe talabijin saboda shi, ya zo. Uelese bai ko ɗaga ido ba. Saunoa ta nemi Fuatino, amma masu jarrabawa sukan kulle wayoyinsu a akwati kafin su shiga. Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa, don ita ma 'yar Ta'u ce, ba ta iya ɗaga murya kan mai zama ba.

Shi kuwa ya tafi, a zuci. Ya ga 'yarsa gaban kwamfuta tana cizon leɓe kamar yadda take yi tun tana ƙarama, ya zauna a bayanta. Daga nan zuciyar ta zarce da shi gida ba tare da ya aike ta ba. Ya ga mashigar da ke tsakanin duwatsun ruwa, inda sai ka ƙirga igiyoyi kafin ka kutsa da kwalekwale. Ya ji warin hayaƙin ɓawon kwakwa da safiyar Lahadi. Ya ga dutsen bayan ƙauye da gajimare a kansa, ya ga ciyawa ta cinye gefen kabarin Tiresa, don yaran yanzu ba sa cire ciyawa sai an tsaya a kansu. Ashe haka zaman nan yake da tsawo? Shi da yake can cikin teku yana jan kifi yana ihu, bai taɓa tambayar Tiresa yadda rana ke tafiya ga na kan tabarma ba. Ya so ya tambaye ta. Ya so ƙwarai.

Da rana ta take, leɓɓansa suka fara zuga kamar tururuwa na bi. Ƙafafu suka yi nauyi, numfashi ya riƙa tsayawa a rabin hanya. Ya san alamun, Fuatino ta karanta masa su har ya haddace. Ya ce a ransa yanzu tana tsakiyar tambayoyin dashe, ba yanzu ne lokacin tashi ba. Bai san sa'ad da ya kife gefe guda ba.

A gadon asibiti ya farka, ƙirjinsa na ciwo kamar an taka shi, kuma lallai an danna, don sai da zuciyar ta tsaya aka tashe ta. Fuatino na zaune kusa da shi da kayan da ta sauko jirgi da su. Idanunta sun kumbura.

"Yaya tambayoyin?" ya ce.

"Kada ka yi mini magana, Baba."

"Na dashen sun fito?"

"Sun fito! Na amsa su! Saboda na karanta na amsa su, wata da watanni ina karatu, ba don ka zauna kana kashe kanka ba!" Ta kifa kai a gefen gadon, kafaɗunta na rawa. Ya ɗora hannu a kan gashinta. Bai yi gardama ba, amma kuma bai yarda ba.

Sakamako ya fito bayan wasu makonni: ta ci. A sashen wanki har da waƙa, Mikaele ya yi rawa da hannu ɗaya daga kan kujera. Manyan asibiti, abin mamaki, suka cika alkawari. Aka fara maganar jirgin ruwan da zai ɗauki injuna da tankin tace ruwa, aka fara faɗin waɗanda za su koma gida. Uelese ya sa Saunoa ta sayo masa sabuwar adda ta cire ciyawa.

Wata yamma yana zaune a baranda yana wasa addar, Fuatino ta dawo daga aiki. Ba ta shiga ciki ba. Ta zauna a ƙasa, ƙasa da shi, kamar mai shirin roƙo.

"Baba, can Ta'u inji ne kawai da ni. Babu ɗakin masu ciwon zuciya, babu likita sai a allo. Waɗanda jikinsu ya daidaita kaɗai za a kai."

"To."

"Zuciyarka ba ta koma daidai ba tun ranar nan. Likita ya tambaye ni ra'ayina." Ta ɗago ta kalle shi. "Na ce ba ka cikinsu."

Garin neman gira an rasa ido. Uelese ya daɗe yana kallon addar, sannan ya ajiye ta a hankali. Bai ji haushin 'yarsa ba. Abin da ya ji shi ne tsibirin na matsawa baya, kamar yadda yake yi in kana kan jirgin ruwa mai barin gari.

"Mikaele fa?"

"Yana ciki."

"Zai sami tagarsa ke nan."

"Ni ma ba zan je ba. Su nemi wani. Ba zan bar ka a nan ba."

"Kul! Tsofaffi nawa ke ƙirga kwana saboda ke? Kada in sake ji." Sannan ya ce, "Tino, tambaya zan yi miki, ki amsa mini kamar a jarrabawa. In zuciyar nan ta sake tsayawa a nan, me za a yi?"

"Za mu yi ƙoƙari mu tashe ta."

"In kun tashe ta?"

"Ka ci gaba da wanki."

"A Tafuna."

"E."

"In kuma a can ta tsaya?"

Ta kau da kai.

"Ke ce fa mai takardar ƙwarewa."

"Za ka mutu, Baba. A hannuna. Ni kaɗai, ba mai taimaka mini."

"A ina?"

"Baba, don Allah."

"A ina, Tino?"

"A Ta'u," ta ce, da ƙyar ya ji.

"To. Ni dai an gaya mini, na kuma fahimta. Abin da ban sani ba, ko hannun naki zai iya ɗauka. In ba zai iya ba, ki faɗa, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba. Sai in zauna."

Wannan ne abu mafi nauyi da ya taɓa ɗora wa ɗan'adam, kuma ya sani. Ta daɗe tana kallon hannayenta a kan cinya. Wani bas ya wuce da kiɗa kamar zai tsage, kare ya bi shi da haushi, Saunoa ta leƙo ta koma. Sai Fuatino ta share fuska da gefen rigar aikinta, ta jawo ƙafarsa, ta danna da yatsa, ta duba ramin da ya bari.

"Gobe zan koma wajen likita," ta ce. "Kai za ka faɗa masa da bakinka, duk yadda ka faɗa mini. Kuma ka rage shan ruwan nan. Ƙaramin jirgi ne, sai sun ɗora ka a sikeli kafin ka hau."