Sai An Ji Usur

Da makarantu suka tafi dogon hutu, na share tsakar gidanmu, na shimfiɗa tabarmi uku, na buɗe ajin hutu na yara ƙanana. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai duk karatun da na yi a kwalejin horon malamai ya ƙare a raino. Yara goma sha huɗu na samu, babbansu shekara bakwai. Muna ƙirga da murafen kwalba, muna shuka wake a gwangwani, muna auna tsayinsa kowace safiya da tsinken tsintsiya.

Wasan da suka fi so shi ne ɓuya. Na sa masa doka don su koyi haƙuri da ƙidaya: wanda ya ɓuya ya yi ta ƙirgawa a zuciyarsa, kada ya amsa ko an kira sunansa, domin mai nema yana iya yaudararsa. Ba mai fitowa sai an ji usur. Wanda ba a gano ba har aka busa, shi ya ci.

A cikinsu akwai 'yar telan layinmu, mai shekara biyar, muna ce mata Ɗigo saboda ƙanƙanta. Ba ta taɓa ci ba. Amma duk abin da na faɗa, a wurinta ya zauna ke nan, ba ragi ba ƙari.

Gwaggo, yayar babana da nake zaune a hannunta, ta tsani usur ɗin. Ranar wata Alhamis da hantsi, yara sun watse ɓuya, na ajiye shi a kan tebur na raka wani yaro banɗaki. Na dawo babu. Gwaggo tana zaune bakin ƙofarta tana fifita, ta ce kanta ke sarawa, in ina son abina in zo in durƙusa in roƙa. Ni kuwa na ɗaga kai na wuce. Na tafa hannu, na ce wasa ya ƙare, kowa ya fito. Suka yi ta ɓullowa daga bayan durom da ƙarƙashin gado. Muka rera waƙar tashi, yayye suka zo suka kwashi ƙannensu.

Ina naɗe tabarma na ga takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Silifas ja, ɗan mitsitsi, an ɗinke maɗaurinsa da baƙin zare. Na Ɗigo ne.

Na ce wa kaina ta tafi gida ba takalmi ne. Na ruga shagon tela. Ya ɗago daga kan keken ɗinki da allura a baki, yana murmushi, ya tambaye ni ko 'yar tasa ta tashi. Bai jira amsa ba, fuskata ta gaya masa. Ya biyo ni a guje, igiyar awo na lilo a wuyansa.

Muka birkice gidan. Ƙarƙashin gadaje, cikin kwabet, bayan buhunan gawayi. Na leƙa sito, inda na hana yara shiga. Babu komai sai kwalaye da tsohuwar firiza da ta mutu tun bara, ƙugiyar murfinta a rufe ta waje. Na ce ai ba mai rufe kansa ta waje, na ja ƙofar. Tela yana ta kiran sunanta na yanka har muryarsa ta dishe. Rana ta take, siminti na ƙona tafin ƙafa. Wata maƙwabciya ta ce a duba rijiyar bayan layi.

A nan na ji muryata a kunnena, yadda nake faɗa musu kullum: ko an kira sunanki, kada ki amsa.

Tana jin mu. Tana jin ubanta. Ba za ta amsa ba.

Na zube gaban Gwaggo, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban duk matan da suka taru.

“Gwaggo, don girman Allah, usur ɗin.”

Fifitar ta faɗi daga hannunta. Ta nuna durom ɗin ruwa. Ashe ciki ta jefa shi. Na cusa hannu har kafaɗa ban kai ba, na kifa durom ɗin gaba ɗaya, ruwan kwana biyu ya malale tsakar gida. Na tsince shi cikin laka. Na busa, sai gurguri da kumfa. Na karkaɗe, na sake busawa, har yanzu ruwa. A karo na uku ya yi ƙara.

Na ce kowa ya yi shiru. Ba a jin komai sai ruwa na bin magudana.

Can sai ƙwanƙwasa, a hankali, sau biyu, daga sito.

Ƙugiyar firizar nan faɗawa take da kanta in murfi ya sauka, ni kuma ban taɓa lura ba. Da tela ya ɗaga murfin, zafi ya bugi fuskokinmu kamar an buɗe tukunya. Tana naɗe a ƙasa, riga jiƙe sharkaf, leɓɓa sun yi fari. Robar bakin murfin ta yage ta gefe ɗaya, ta nan iska ke ɗan shiga. Muka fito da ita inuwa, Gwaggo na shafa mata ruwa tana kuka. Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Ni ta fara nema.

“Malama, ni na ci?”

Na ce ita ta ci. Ta ce ta ƙirga har ɗari, daga nan lambobin da ta sani suka ƙare, sai ta yi ta sake farawa.

A asibiti aka sa mata ruwa leda ɗaya, da yamma aka sallame ta. Kafin magariba na ari sukundireba na kwance murfin firizar da hannuna, na jefar bayan gida.

Layi ya ɗauka. Aka ce ga abin da boko ya jawo, iyaye tara suka janye 'ya'yansu. Laifina ne, na je gida gida na faɗa da bakina, ban laɓe bayan kowa ba. Amma ajin ban rufe ba.

Ranar Litinin na shimfiɗa tabarma ɗaya. Yara huɗu suka zo. Na soke dokar, na ce daga yau duk wanda ya ji sunansa ya amsa da ƙarfi. Muna cikin gwadawa sai ga tela riƙe da hannun Ɗigo. Bai gaishe ni ba. Ya shiga sito, ya duba firizar, ya fito, ya cire mata jan silifas ɗin ya jera kusa da na sauran. Na kira sunanta. Ta dubi ubanta, ta dube ni, sannan ta amsa.