Maɓallin da ke Haɗiye Bukkoki

Dikko mai zanen gine-gine ne, Bazazzage, yana aiki a wani tsohon kamfani a Manhattan. Kamfanin na alfahari da cewa a farkon ƙarnin da ya wuce shi ya zana wa garuruwan yammacin ƙasar bankuna da kotuna da otal-otal, a lokacin da layin dogo ke kutsa kai cikin daji.

Da bikin tunawa da kafa kamfanin ya matso, sai shugaban, jikan wanda ya kafa shi, ya sa Dikko ya ƙera samfurin ɗaya daga cikin garuruwan da katako. Ya ce a jera bukkokin mutanen asalin wurin a sama, a yi maɓalli: in an danna, bukkokin su nutse, gari ya taso da fitilunsa.

Abin bai kwanta wa Dikko ba, amma ya yi. Ya ma yi shi da kyau.

Ranar biki baƙi suka yi layi a kan maɓallin nan. Bukkoki su nutse, a tafa, a kwashe da dariya, a sake dannawa. Wani mai jan wuya har yana kwaikwayon kukan jirgin ƙasa, bakinsa cike da nama. An gayyato wata dattijuwa daga zuriyar mutanen da aka kora, don a ɗauki hoto da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi wanda ya yi aikin. Aka nuna mata Dikko.

"Hannunka na da kyau, yaro," in ji ta. "Amma ƙofofinmu gabas suke kallo."

Shugaban ya dafa kafaɗarsa, ya shaida wa jama'a cewa irin wannan aikin za su kai Afirka, ga ɗan gida ma sun samu. Dikko ya yi murmushi.

A gida, a unguwar University Heights, ya kasa cin tuwon da matarsa Hasiya ta tuƙa.

"To da ka ce ba za ka yi ba mana," ta ce.

"Ban ce ba."

Washegari ya yi sammako ya tsinke wayar maɓallin. Kafin azahar an kira wani ya gyara, aka kuma girke samfurin a zauren shiga. Dikko bai bar aikin ba. Sai dai tun daga ranar ta ƙofar baya yake shiga, inda ake fitar da shara.