Haƙorin Mai Busa

Shekara talatin da takwas Milutin yana busa ƙahon tagulla a bukukuwan garin Vranje da ƙauyukansa, kuma a faɗarsa babu amaryar da ta isa ta bar gidan ubanta sai da izinin ƙahonsa. Ba cika baki ba ne kawai, don sai ƙaho ya yi kuka a tsakar gida ake fito da amarya. To, saura mako guda a fito da tasa 'yar, Zorka, ita kaɗai gare shi, sai haƙorin gaba, wanda bakin ƙaho ke zama a kansa, ya ce bai san zance ba.

Kamar kowane dattijo a garin, iskar taga ya ɗora wa laifi. Ya rufe tagogi, ya naɗe fuska da mayafin ulu, ya yi ta kurkure baki da barasar da ya dafa da hannunsa. Kunci dai sai tashi yake kamar kwaɓin burodi. Ran Talata Zorka ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan haƙori, akwatin ƙaho a hammatarsa, don ko kasuwa ba ya zuwa babu shi.

Likita Vesna, wadda ita ma shi ya busa mata ranar aurenta, ta leƙa bakin sau ɗaya ta miƙe.

"Kawu Milutin, yau zai fita. Mugunya ta kusa kaiwa ido."

"A bari sai Litinin, 'yar nan."

"In ka kai Litinin, a gadon asibiti za a ba ka labarin bikin."

"To cire. Asabar, ran bikin, sai in busa da giɓi."

"Wace busa? Ko miya ban yarda ka hura ba sai bayan mako uku. Kana matsa iska ciwon zai ɓalle."

Zorka ta ce, "Baba, ai Stojan zai iya busa mini."

"Stojan?" in ji shi. "Mataimakina da ke busa kamar akuya ta maƙale a shinge?"

Abin ya yi masa ciwo fiye da haƙorin: 'ya'yan mutane ɗari-ɗari ya fitar, tasa kuma wani ne zai fitar. Likita ta ɗauko allurar kashe zafi, sai ya ɗaga mata hannu ya buɗe akwati.

"Zorka, tashi. Tsaya a bakin ƙofar can."

"Baba, mutane na jira a waje!"

"Su saurara, yau kyauta ne."

Ya ɗora ƙahon a kan ruɓaɓɓen haƙorin ya busa. Zafin ya harba har ƙwaƙwalwarsa, hawaye na bin kumburarren kuncin, amma ko sau ɗaya muryar ƙahon ba ta karye ba. Masu jira suka miƙe, wata tsohuwa da auduga a baki ta fashe da kuka. Zorka, da rigar aikinta da jakar cefane, ta tsallake dokin ƙofar tana shessheƙa.

"Kada ki waiwaya!" ya daka mata tsawa. "Amarya ba ta waiwaye."

Ba ta waiwaya ba. Milutin ya goge ƙahon da hannun riga, ya kishingiɗa a kujera.

"To, likita, cire abinki. Ya gama aikinsa."