Ban Ruwa a Gonar Auta

A gidansu Yaya Babba ba a ba da haƙuri da baki. Haka suka taso suka tarar. In ka ɓata wa mutum rai, sai ka lallaɓa ka wanke masa takalmi, ko ka share masa ƙofar ɗaki, ka wuce abinka kamar ba kai ba. Shi kuma in ya huce, sai ka tarar an cika maka bokitin wanka. Shi ke nan, magana ta mutu. Mahaifiyarsu da kanta in ta dake ka bisa kuskure ba za ta ce uffan ba, sai dai ka ga naman kwanonka ya fi na kowa girma.

A wannan makarantar Yaya Babba ta yi karatu, har furfura ta fara leƙo mata ta gefen ɗankwali. Guga take yi a wani shagon wanki da ke ƙasan bene. Daga safe har yamma tana tsaye gaban teburi, tururi na dukan fuskarta, riguna cikin leda na reto a samanta, kowace da lambarta a wuya. Abokin aikinta ɗaya ne, Dogo mai kula da injinan wanki, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna. In ta tashi aiki sai ɗakin hayarta, mai gado ɗaya da kujera ɗaya da taga mai kallon bangon maƙwabta.

Ƙaninta Auta ne kaɗai ya rage mata a duniya, kuma an kwana biyu ba sa magana. Laifinta ne, ta sani sarai. Ranar da mahaifiyarsu ta cika a asibiti Auta yana hanya, motar da ya hau ta lalace. Ya iso an riga an rufe mata fuska. Yaya Babba, wadda ta yi makonni tana kwana kan benci, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Me ka zo yi? Ai ba ka da uwa a nan." A gaban matarsa ta faɗa, a gaban ma'aikatan jinya. Bayan jana'iza ya tattara ya koma garin da yake aiki, bai sake waiwayowa ba.

Ina takalmin da za ta wanke wa mutumin da ke wani gari? Nan fa ta tuna da gonar.

Wani wasan noma ne na waya. Auta ne ya saka mata shi a farkon jinyar, wai don ta rage zaman shiru a gefen gado. Ka shuka masara da tumatir, ka kiwata kaji, ka girbe. Gonarta na jikin tasa, kuma wasan ya yarda maƙwabci ya shiga ya ba shukar maƙwabcinsa ruwa. Da can ta raina abin. "Gona a cikin gilashi? Allah ya sawwaƙe," haka ta ce masa lokacin. Amma wata rana a hutun rana, watanni bayan rasuwar, ta buɗe. Gonar Auta ta bushe ƙamas, kajinsa sun yi jugum. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa ta bi kunya-kunya tana ba su ruwa, kamar wadda ta shiga gidan mutane ba sallama.

Washegari ta buɗe tata, sai ga tumatir ɗinta jiƙe sharkaf. A saman allon an rubuta cewa Auta ya ba gonarta ruwa.

Wayyo! Ranar sai da ta ƙona wuyan rigar wani mutum. Ta shiga bayan injina ta yi kukanta ta more, Dogo na tambayar ko albasa ake yankawa a unguwar. Ya huce. Autanta ya huce, ya cika mata bokiti.

Daga nan abin ya zame mata abinci. Kafin ta kunna dutsen guga sai ta leƙa gonarsa. Da rana, tana cin abincinta a tsaye, ta sake leƙawa. Shi ma bai taɓa fashi ba. Wani lokaci har ya ɗebe mata ƙwai ya jera a kwando. Akwai wurin aika saƙo a wasan, amma ba ta taɓa shi ba, shi ma haka. Me za a ce kuma? Ai an gama magana.

"Manomiya!" Dogo yakan ce. "Yaushe za mu ci tumatir ɗin nan ne? Kullum ban ruwa, ba miya."

"Ranar da ka yi shiru na minti biyar."

"To, na haƙura da miyar."

Ranakun hutu ne masu wuya. Ta share ɗakin da ba wanda ya ɓata, ta goge kayan da ta riga ta goge, ta zauna a kujerar nan ɗaya tana jin hayaniyar gidan wasu ta bango. Kaɗaici na cinta, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma in ta buɗe waya ta ga sunansa, sai ta ce ai ba ita kaɗai ba ce. Tana jira ne kawai ya kira, tunda shi ne ƙarami.

Ana nan, wata safiya gwaggonsu ta shigo shagon da ƙullin labulaye a ka. Ta sauke, ta zauna kan kujerar masu jira tana haki, ta ce, "Ke kuwa yaushe za ki je ganin jaririyar? Har ta fara zama fa."

"Wace jaririya, Gwaggo?"

"Ta Auta mana. Au! Ashe ba ki sani ba?" Tsohuwar ta kama haɓa. "Ni dai kun ishe ni, wallahi. Ku biyu rak kuka rage, kuna zaman doya da manja."

"Ai mun shirya," in ji Yaya Babba.

"Kun shirya, a haifi 'ya ba ki ji ba? To, Allah ya kyauta."

Gwaggo na fita ta ajiye dutsen guga. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ke haɗe da tsoro. Mutumin da ke ɗebe mata ƙwai kullum, a ce an yi masa haihuwa ya kasa gaya mata? Ta buɗe wurin saƙon nan da ba ta taɓa taɓawa ba, ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa: "Auta, ashe an samu ƙaruwa? Ko har yanzu da sauran fushi?"

Amsa ba ta jima ba.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ni ba Auta ba ne. Mai gadi ne ni a wani sito. Wayar ta hannu na saya, na tarar da wasan a ciki da sunan mai ita. Gonar a bushe take, ban ma kula ta ba, sai wata rana na ga an ba ta ruwa. Na ji kunya in bar taki haka. Wurin aikina ba kowa, in na ga kin zo sai in ji kamar an gaishe ni. Ban san da wani kike ba."

Ta karanta ta sake karantawa. Ke nan tun ranar farko ba shi ba ne. Duk ban haƙurin nan da ta yi ta zubawa safe da rana, ko ɗigo bai kai ga Auta ba. A wurinsa har gobe tana nan tsaye a bakin ƙofar asibiti, da maganar nan a bakinta.

Ba ta ji haushin mai gadin ba, shi ma ɗan'uwanta ne a zaman shiru. Ta rubuta masa, "Ba komai, na gode." Sannan ta fita bakin shago, ta nemo lambar Auta, ta danna kafin zuciyarta ta hana ta.

Ta yi ta ƙara, har ta fid da rai, sai aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ce."

Tana jin ƙarar injin a bayansa da muryoyin mutane.

"Yaya?" Muryarsa ta canja. "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To, lafiya?"

"Maganar da na faɗa maka a asibiti ce." Harshenta ya yi nauyi, ba a koya masa wannan aikin ba. "Ban kyauta ba, Auta. Ka yafe mini."

Can ya ce, "Ina wurin aiki yanzu. Zan kira ki." Ya kashe.

Ta koma ciki ta ƙure ƙarar wayar, ta jingina ta da kwalbar sitati inda za ta riƙa gani. Ta goge labulayen wani otal, ta goge rigunan 'yan makaranta, ta goge har kayan da sai jibi za a karɓa. Sau biyu wayar ta yi ƙara, duka masu tambayar kayansu ne. Dogo ya lura, ya kama bakinsa, abin da bai taɓa yi ba.

Rana ta yi sanyi, mai kantin da ke gefensu ya ja ƙofarsa. Dogo ya kashe injina, ya tsaya da makulli a hannu.

"Yaya Babba, in rufe?"

"Bar mini makullin, ka tafi," ta ce, idonta na kan wayar. "Ɗakina ba ya kama sabis sosai."