Wa Zai Faɗa wa Moctar

Fourera na jera gwangwanayen tumatir a shagon Alhaji Tassiou da ke titin Gate City Boulevard lokacin da saƙon mijinta ya shigo. Kwana goma sha shida ke nan Moctar yana tsakiyar teku, cikin jirgin da bai fi falonsu tsawo ba, wanda ba shi da abin dogaro sai iska da ƙyalle. Bernard ne ya ja shi, wani Bature, tsohon likitan haƙori na unguwar Irving Park, da Moctar ke gyara wa mota. Mutumin Damagaram da ko tafki bai taɓa ƙetarewa ba, wai shi ne zai ƙetare teku!

Kullum saƙo ɗaya yake turowa, ta 'yar na'urar da ke jirgin. Ya ce da kofin ruwa guda yake alwala. Ya ce alƙibla ba ta zama wuri ɗaya, sai ya kabbara jirgin ya juya da shi. Na yau kuwa cewa ya yi: “Iska ta ɗauke kwana biyu, muna zaune kamar kwano a baho. Burodi ya yi fumfuna. Yaya jikin Inna?”

Inna, mahaifiyarsa, ta rasu jiya da hantsi. Har an kai ta makwancinta.

“Alhaji, me zan ce masa?” in ji Fourera.

Alhaji Tassiou ya cire tabarau. “Fourera, ba a jefa wa mutum rasuwar uwa ta waya. Manya ke zuwa, su zaunar da shi, su yi ta kewaye-kewaye har ya gane da kansa.”

“To wa zai je? Saura kwana goma sha biyu su ga ƙasa.”

“Bon, ki ce da sauƙi.”

“Ni in yi masa ƙarya kwana goma sha biyu? Ana sadakar uku, ana ta bakwai, shi yana can yana ba ni labarin burodi?”

Shi ma Alhaji abin ya fi ƙarfinsa. Can ya ce, “Babba ɗaya ne a wurin. Baturen nan.”

Haka suka zauna a kan buhunan shinkafa suna koya wa Bernard aikin dattawa da Turanci, a gajeren saƙo. Ka bari ya ci abinci tukuna. Ka zaunar da shi nesa da bakin jirgi. Ka fara cewa jikin ya tsananta. Kada ka bar shi shi kaɗai, ko ya ce ka bar shi. Ta sa sunan Bernard a sama da manyan baƙaƙe, ta tura.

Daga nan ba ta ƙara tsinana komai ba. Wata mata ta nemi daddawa, ta miƙa mata kanwa. Tsoro ya cika ta, ga haushin tekun da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Da Hausa aka rubuto.

“Fourera, ni ne Moctar. Na'urar tana wurin mai tuƙi, kuma ni ke tuƙi yanzu. Iska ta dawo da ƙarfi, Bernard ya kwanta bayan awa tara a tsaye. Na karanta duka. Kun tsara shi da kyau, ki gode wa Alhaji. Ba zan tashe shi ba, kuma ba halin in saki sitiyari. In ya farka zan ba shi, ya faɗa mini yadda kuka ce.”